Tambaya ta Biyu

Mujallar likitoci takan iso mini Dogon Dutsi ne bayan ta tsufa a hanya, amma nakan karanta ta daga bango zuwa bango, don ba ni da wata. A ta watan jiya na ga labarin da ya sa na cire tabarau. Wai allurar nan ta tarin fuka da muka daɗe muna yi wa mutane, yanzu ƙwayoyi sun maye gurbinta, ba a komawa gare ta sai in ta kama dole. Na yi murna ƙwarai. Sannan na kai hannu na shafa kunnena na hagu, wanda rabonsa da jin komai tun ina saurayi. Allurar ce ta tafi da shi, amma in za a yi adalci ba ita kaɗai ba ce, bakina ma ya sa hannu.

A shekarun farko na 'yancin kai ƙasarmu ba ta da makarantar likita, likitoci 'yan ƙasa kuwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Sai gwamnati ta ba wasunmu burs, wato kuɗin karatu, ta tura mu Faransa. Sharaɗin ɗaya ne, kuma an karanta mana shi sau biyu: shekara guda ake yafe wa ɗalibi ya maimaita, in ya ɓata ta biyu a yanke burs a maido shi gida. Ni da na fito daga Dumega, inda mata ke mutuwa wajen haihuwa kafin raƙumi ya kai su Dutsi, na riga na rantse wa kaina ba zan dawo ba sai da takardar likita a hannu.

Jirgin ruwa ne ya fara koya mini hankali. Ruwan da ya fi girma da na taɓa gani shi ne tafkin bayan garinmu da damina, sai ga ni cikin wanda ba shi da gaɓa. Kwana uku na farko ina rungume da bokiti. Wani ma'aikacin jirgi ya wuce ya dafa kafaɗata ya ce, "Ça va?" wato lafiya? Na ɗago kai da ƙyar na ce masa lafiya lau. Ya dubi bokitin, ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa ya yi gaba. Da ina da wayo, tun ranar zan gane akwai gyara a amsar tawa.

A Marsai muka sauka. Ina fitowa daga tashar jirgi wani mutum mai kyakkyawan murmushi ya tare ni yana kirana ɗan'uwansa. Ya ce sanyin ƙasar nan yana kashe baƙi, kuma Allah ya taimake ni yana da manto guda da ya rage, babbar rigar sanyi irin ta manyan ɗalibai. Na saya, har ina yi masa godiya da hannu biyu. Sai da na isa garin da jami'ar take, na shiga aji ina taƙama, na ga 'yan mata suna rufe baki. Ashe rigar ruwa ce ta mata, maɓallanta ma a ɓangaren mata suke, kuma ba ta tare sanyi ko kaɗan. Tsohuwar da na kama ɗaki a saman gidanta, wadda ba ta taɓa yi mini magana ta wuce kalma biyu ba, ita ce ta karɓi rigar ba tare da ta ce komai ba. Washegari na same ta a rataye a ƙofata, an maida maɓallan ɓangaren maza, an kuma ɗinka mata tsohon bargo daga ciki. Shekara shida na yi da rigar nan.

Mutane suna zaton sanyi ne ya fi damuna, ko rashin fura. Sun dame ni, amma abin da ya fi cin raina shi ne rashin gaisuwa. A Dumega kafin ka gama gaida maƙwabci da safe an gama dama fura. A tambayi kwana, a tambayi gajiya, a tambayi gida da yara da dabbobi, kai kuma kana amsawa lafiya lau, ko da a daren ɗakinka ya rushe. In marar lafiya ne a ce ƙaƙa jiki, ya ce da sauƙi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ranar da zai rasu da safe liman ya gaishe shi, ya ce da sauƙi. Ba ƙarya ya yi ba. A wurinmu amsa gaisuwa da kuka butulci ne ga Allah. Wanda yake son ya san gaskiya ya san abin da zai yi: zai nemi wuri ya zauna, a yi ɗan shiru, sannan ya sake tambaya. Ta farko gaisuwa ce, ta biyun ita ce tambaya. A Faransa kuwa sau ɗaya ake tambaya, a tsaye, ana tafiya.

Shekarar farko na faɗi jarrabawa. Faransancin da na koya a lakwal, makarantar bokon gida, na littafi ne, malaman nan kuwa suna zuba shi kamar ana korarsu. Na maimaita na ci, amma na cinye yafiyata ke nan. Sai a sanyi na uku tari ya kama ni. Na ce mura ce. Na rame har ramin ƙarshe na bel ya yi mini yawa, na ce karatu ne. Ranar da na yi tari a ɗakin karatu na ga jini a hankici, ban ce komai ba, don a wannan makon muka karanta babin, na san sunan abin da nake kallo. Hoton ƙirji ya nuna rami a huhun dama.

Aka sa ni a jirgin ƙasa, daga nan mota, ta yi ta hawa tana zagaye har muka isa wani asibitin masu tarin fuka a kan duwatsu. Dogon gida ne mai baranda, an jera gadaje suna fuskantar ƙanƙara. Likitan ɗakinmu dogo ne mai farin gashi, ya san aikinsa, kuma bai taɓa yi mini wulaƙanci ba. Na gaya masa halin da nake ciki, cewa in ban zauna jarrabawar ƙarshen damina ba, wadda ita ce dama ta ƙarshe a shekarar, to gida za a maida ni. Ya ce in aka haɗa allura kullum da ƙwayoyi, kuma jikina ya karɓa, zai iya barina in sauka in rubuta. Na riƙe wannan maganar da hannu biyu.

Kowace safiya yakan zo zagaye, mutane huɗu a bayansa. Ya tsaya a ƙafar gado, ya ɗauki kati, ya ce, "Ça va?" Ni kuma in ɗauko "da sauƙi" ɗinmu in juya ta da Faransanci in miƙa masa. Ya rubuta, ya wuce gado na gaba. Sau da yawa nakan buɗe baki ina jiran ya zauna, sai in ga bayansa.

A wata na biyu kunnena ya fara ƙara, wani siririn sauti irin na gyare da rana. Sannan in na tashi tsaye sai ƙasa ta ɗan karkata. Akwai shanu da ake kiwo a gangaren da ke ƙasan baranda, kowace da ƙararrawa a wuya, kuma da safe nakan kwanta ina saurarensu ina tuna gida. Wata safiya na juya na danne kunnen dama da matashi, sai shanun suka ɓace. Na ɗago, suka dawo. Na sake dannewa, shiru. Na yi haka ya fi sau goma.

Zan faɗi gaskiya a nan, don na daɗe ina laɓewa bayan al'ada. Ɗalibin likita ne ni, na san allurar nan tana taɓa kunne. Na san in na yi magana za a tsayar da ita, in aka tsayar jinya ta yi tsawo, jarrabawa ta wuce ni. Tsoro ne ya kama ni, sai ya sami tarbiyya ya ɓuya a cikinta. Da likita ya zo na ce da sauƙi, na kuma gaya wa kaina ai gaisuwa ya yi, bai tambaya ba.

Ana haka, wata safiya ina zaune a ƙarshen baranda da littafi, sai aka buga mini sanda a ƙafa. Na ɗaga kai na ga wani siririn dattijo baƙi, da hular Turawa, da garwar nono a hannu, yana duban zanen Arawa da ke kumatuna, wanda ya taso daga gefen baki ya nufi kunne.

"Kai, Ba'are!" in ji shi da Hausa. "Sau ukku ina kiranka. Girman kai na, ko doguwa ta toshe maka kunne?"

Littafin ya faɗi daga hannuna. Shekara uku ke nan ban ji Hausar gida ba. Sunansa Sambo, Bafillace ne daga wajen Sukukutane. An ɗauke shi soja yana saurayi, ya yi yaƙin Turawa, da aka gama bai koma ba, ya sami wani manomi a kan duwatsun nan yana yi masa kiwo. Shanun da nake saurare nasa ne, shi ke kawo wa asibitin nono. Mu Arawa da Fulani taubasai ne, akwai wasa tsakaninmu, kowa yana iya gaya wa ɗan'uwansa abin da ya ga dama ba a ji haushi.

Na ce, "Baffa, ashe har nan kuka biyo saniya? Da an ce maka akwai ta cikin wuta, da can za mu same ka."

Ya yi dariya har ya dafa bango. Sannan ya gyara tsayuwa muka gaisa yadda ake gaisawa, kwana da gajiya da sanyi da labarin gida, ni ina amsawa hawaye yana zubo mini. Ya ce, "Ƙaƙa jiki?" Na ce, "Da sauƙi, Baffa." Ya ce madalla.

Sai ya ajiye garwar. Ya jawo kujera ya zauna a gefena, ya ɗora sandarsa a cinya, ya yi shiru yana kallon duwatsu.

"To," in ji shi, "mun gama gaisuwa. Yanzu mi ka damunka?"

Ban san na tara magana haka ba. Na gaya masa ƙarar kunne, da jiri, da shanun da ke ɓacewa, da jarrabawa, da burs. Ya saurara har na gama.

"Na gani tun daga nesa," ya ce. "Tahiyarka ta saniyar da kanta ka juyawa ce. Ka hwaɗa ma likita?"

"In na hwaɗa za su tsaida allura, Baffa. In sun tsaida, karatuna ya ƙare."

"Wanga abu da likitoci ka ratayawa ga wuya, suna sa ma mutum ga ƙirji, da mi a ka jin shi?"

Bai jira amsata ba.

"Da hanci? Ku Arawa kun hi kowa dabara, wataƙila kai da hanci za ka ji. Ɗiyan mutane na can suna jiran likita, kai kana nan kana shirin kai musu kurma da takarda. Kunne guda ya tahi. Kana son ka ba su na biyun don kunya?"

Na ce ai likitan bai taɓa zama ya tambaye ni ba.

"Ba ya zama. Shekara ashirin ina cikinsu, ban ga wanda ya zauna ba. Su tambayarsu guda ce, in ka bari ta wuce ta wuce. Gobe in ya zo ka aje ladabin uwarka ƙarƙashin matashi, ka ɗauka in ya hita."

Washegari likita ya tsaya a ƙafar gado, ya ɗauki kati, ya yi tambayarsa. Na taɓa tsayawa gaban malamai masu jarrabawa, na kuma yi tiyata da fitilar kananzir daga baya, amma ban taɓa yin abin da ya yi mini nauyi kamar wannan kalmar ba. Ji na yi kamar zan zagi babba a gaban jama'a. Na ce, "A'a. Ba lafiya."

Har ya ɗaga ƙafa zai wuce, sai ya tsaya. Ya dube ni, ya zagayo, ya zauna a bakin gadona. Ya cire agogonsa ya kara mini a kunnen dama, na ji yana bugawa, amma can nesa. Ya kara a na hagu, babu komai. Ya tambaye ni tun yaushe, na ce mako biyar. Fuskarsa ta yi ja. Ya juyo da katin ya nuna mini rubutunsa, layi bayan layi, kowace rana: yana samun sauƙi, yana samun sauƙi.

"Kullum ina tambayarka," ya ce. "Me ya sa?"

Na ce, "Na ɗauka gaishe ni kake yi." Sannan na ƙara da sauran gaskiyar, cewa tsoron jarrabawa nake yi.

A ranar aka tsayar da allura. Ya gaya mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa na hagu ba zai dawo ba, na dama kuwa an tare shi a bakin ƙofa. Game da jarrabawa ya ce ba zai yi mini alkawari ba, sai abin da gwajin majina ya nuna. Aka ƙara mini wasu ƙwayoyi masu ɗaci, cike da tafin hannu, masu tayar da zuciya. Na ce ko tsakuwa ce zan haɗiye.

Daga nan na tsara wa kaina aiki. Da safe in bi layin katakon baranda ina kallon wuri guda, har ƙafata ta koyi tafiya ba tare da ta jira kunne ba. Na faɗi ba sau ɗaya ba, na tashi. Da hantsi karatu. Da yamma in ari abin sauraren ƙirji a wurin wata mai jinya, in bi gadaje ina roƙon maƙwabtana su bar ni in saurara. Ƙirji marar lafiya kuwa ba ya wuya a gidan nan. Da farko ba na jin komai sai ƙarar kunnena. Na koyi rufe ido, na koyi tsayar da numfashina, na koyi jira fiye da yadda mai kunne biyu yake jira. Baffa Sambo yakan tsaya in ya kawo nono, ya kaɗa wata ƙaramar ƙararrawar maraƙi daga bayana, kullum yana ƙara nisa, yana cewa, "Ka ji, ko in kira maka mai bori?"

Wata rana na ce ya buɗe riga in gwada a kansa, don in ji yadda ƙirjin mai lafiya yake. Ya buɗe yana tsokanata. Na ɗora, na rufe ido. Tsakanin bugu da bugu sai na ji wani huci, a fili, irin wanda littafi ya kwatanta. Wannan ne karo na farko da kunnena ya kama abu da kansa ba tare da an gaya mini akwai shi ba, kuma da na so a ce a ƙirjin wani ne. Na dubi ƙafafunsa, sun kumbura sun cika takalmi.

Na ce, "Baffa, ƙaƙa jiki?"

"Lahiya lau."

Na jawo kujera na zauna. Ya dube ni, ya gane, ya yi murmushi.

"Ɗan banza," ya ce. "Da sandata za ka buge ni?"

Sannan ya faɗa mini cewa tun bara in ya hau gangaren nan sai ya tsaya sau uku, kuma ba ya iya kwanciya sai a jingine. Na kai shi gaban likitan ɗakinmu da kaina. Likitan ya saurara, ya ɗago ya dube ni, ya ce abin da na ji daidai ne. Aka ɗora shi a kan magani.

Gwajina ya fito da tsabta ana saura kwana tara jarrabawa. Na sauka daga dutsen cikin mantona mai bargo. A jarrabawar asibiti aka ba ni wata tsohuwa aka ce in saurara. Na daɗe har malamin ya fara buga ƙafa, sannan na faɗi abin da na ji, ya gyaɗa kai. Na ci. Na koma dutsen na ƙarasa jinyata, na sauko na ci gaba da karatu, ban sake faɗuwa ba.

Maganin ya ba Baffa Sambo shekara uku. Duk hutu nakan hau in gan shi. A zuwana na ƙarshe yana jingine a gado, ya ba ni ƙararrawar nan, ya ce yana da ƙanwa, Dije, in tana raye tana wajen Sukukutane. Ya ce in kai mata, in ce yana gaishe ta. Kafin ƙanƙara ta narke manomin ya rubuto mini cewa ya rasu, sun binne shi a gangaren, inda shanu ke kiwo.

Na dawo gida da takardata, aka turo ni Dogon Dutsi. Tun ranar da na fara aiki na sa aka ajiye kujera a gefen kowane gado, kuma har yau masu jinya sun san ba na rubuta amsar farko a kati. Marasa lafiya suna cewa likitan nan yana da kirki, yana karkato kai yana saurare. Ba su san kunnen ne guda ba.

Da na sami hutun farko na ari doki na bi yashi zuwa Sukukutane. Kwana biyu ina tambaya daga ruga zuwa ruga kafin a nuna mini ita, wata tsohuwa siririya mai irin goshinsa, tana wanke ƙwarya. Na yi sallama, na ce daga wurin Sambo nake, yana gaishe ta. Ƙwaryar ta tsaya a hannunta.

"Sambo? Shina lahiya?"

"Lahiya lau, Inna."

Ta ce madalla. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo nono, ta tsaya har na sha. Na ciro ƙararrawar na ajiye a gabanta, ta ɗauka ta juya ta a hannu, ta ɗan kaɗa. Sannan ta tattara zanenta ta zauna a bakin tabarmar, ta ɓangaren haguna, ta yi shiru. Na ga bakinta ya motsa, ban ji komai ba.

Na tashi na zagaya na zauna ta ɗaya gefen, na juyo mata da kunnen da wanta ya bar mini.

Na ce, "Sake tambaya, Inna. Ina jinki."